Tsarabar Ɗalibi Ga Masu Masaukinsa a Ƙasar Waje

Ɗana, 'yata, a ƙasarmu ba a zuwa gidan da za a kwana hannu rabbana. Wanda ya taso daga Kufana ko Idon zai sauka gidan ɗan'uwansa a Kaduna yakan ɗauro 'yan doya da ƙullin citta. Tsohuwar da za ta je ganin jika a Kafanchan takan auno acca, ta haɗa da daddawa da busasshiyar kuɓewa. Mai gidan ba yunwa yake ji ba, baƙon ma ya san haka. Tsaraba gaisuwa ce da ake riƙowa a hannu, tana shaida wa mai gida cewa an tuna da shi tun kafin a baro gida. Da wannan tarbiyya kuka tashi, ba sai na koya muku ita ba. Abin da ya sa nake rubuto muku shi ne, tafiyarku yanzu ta wuce Kaduna da Jos, ta kai ƙasashen da dokar shiga da kaya da al'adar karɓar kyauta suka sha bamban da namu, kuma ina ganin 'ya'yanmu suna maimaita kurakurai iri ɗaya, waɗanda tambaya kaɗan da natsuwa za su iya kawar da su.

Tun 2003 'yan sakandare daga Najeriya suka fara tafiya Amurka a ƙarƙashin shirin musayar ɗalibai na YES, wanda majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002, bayan harin 11 ga Satumba na 2001, kuma yake ɗauke da sunan sanatoci biyu, Edward Kennedy da Richard Lugar. Jihar Kaduna tana cikin jihohin farko da aka ɗebi yara daga cikinsu, Musulmi da Kirista tare, ta hannun ƙungiyar IRIS da ke jihar Iowa. A shekarun baya yaro yakan tashi a watan Agusta, ya yi kusan wata 10 a gidan mutanen da bai taɓa gani ba, yana ci tare da su, yana zuwa makaranta tare da 'ya'yansu. Bayan wannan akwai 'yan jami'a da ke zuwa Jamus, Faransa, Turkiyya, Masar, Malesiya ko Sin, waɗanda wani lokaci akan sauke su a gidan wani iyali kafin su sami ɗaki. Duk wanda ya sami irin wannan dama a cikinku, maganata da shi nake.

Ka fara da sanin su wane ne za su sauke ka. A tsarin musayar 'yan sakandare na Amurka, doka ba ta yarda a biya masu masauki kuɗi ba. Sa kai suke yi. Da yawansu ba attajirai ba ne: manoman masara da waken soya ne, malaman makaranta, ma'aikatan jinya, tsofaffin da 'ya'yansu suka girma suka bar musu ɗakuna wayam. Su za su ciyar da kai, su kai ka makaranta cikin dusar ƙanƙara, su zauna da kai a asibiti in zazzaɓi ya kama ka. Irin wannan alheri ba a biyansa da abin da zai shiga akwati, don haka ka cire wa ranka tunanin biya. Abin da ya sa suka buɗe ƙofarsu shi ne suna son sanin kai wane ne, wane irin gida ne ya raine ka, wace irin ƙasa ce ta ciyar da kai. Tsarabar da ta dace da su ita ce wadda ta faɗi gaskiya a kan waɗannan abubuwa uku. Duk sauran nasihata daga nan ta fito.

Abin da ya fi ɓata wannan gaskiya shi ne ganin ido. Na ga uban da ya sayar da buhunan masarar da ya tanada don tsakiyar damina, ya saya wa 'yarsa agogon hannu da turare masu tsada ta kai wa masu masaukinta. Yarinyar ta isa ta tarar ana sayar da irin turaren a kantin unguwarsu, a farashin da bai dami kowa ba, a gida kuwa ƙannenta suka shiga watan Agusta rumbu ya yi ƙasa. Masu masaukin sun yi godiya, amma da sun san abin da aka sayar aka sayi kayan, da ransu ya ɓaci. Kowa ya daka ta wani zai rasa turmin daka tasa. In mahaifinka ya ce zai ci bashi saboda tsaraba, ka durƙusa ka roƙe shi ya bari, ka gaya masa an riga an san ba ɗan gwamna ake aikowa ba. Littafin Farawa ya ba da labarin Yakubu, da zai mai da 'ya'yansa Masar a shekarun yunwa, ya umarce su su ɗebi kaɗan daga mafi kyawun amfanin ƙasarsu, har da 'yar zuma da kayan ƙanshi, su kai wa mai mulkin can. Annabi Muhammadu kuma, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya koyar cewa musayar kyauta tana haifar da ƙauna, ya hana maƙwabciya raina abin da za ta ba maƙwabciyarta ko da kofaton akuya ne. Addinan garinmu biyu sun haɗu a nan: kaɗan, amma mai kyau, kuma naka na kanka.

Ɗan'uwan ganin ido shi ne jin kunyar kayan gida. Yaro zai wuce ƙwarya da faifai a kasuwar garinmu ta ranar Alhamis, ya shiga mota zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a Kaduna, ya sayo kofuna masu walƙiya da furen roba, yana ganin su ne na wayayyu. Sai uwar masaukinsa ta juya gindin kofin ta ga an rubuta ƙirar Sin ne. Ko atamfa ma sai an lura. Masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, ta daɗe da rufewa, haka yawancin 'yan'uwanta da suka sa aka san Kaduna da yadi, shi ya sa mafi yawan atamfar da ke kasuwanninmu yau daga waje aka shigo da ita. Ba laifi ba ne a ba da ita, domin zanenta da yadda muke ɗinka ta namu ne. Amma in kina son abin da hannun mutanenmu ya taɓa tun daga farko, 'yata, ki nemi saƙi na gargajiya, ko yadin da aka rina da shuni irin na marinar Ƙofar Mata a Kano, ki tambayi mai sayarwa inda aka yi shi, ki riƙe amsar a kanki.

Ku duba abin da Allah ya ba mu. Cittar Kachia da Jaba da Kagarko ita ce mafi yawan cittar da Najeriya ke fitarwa, kuma masu sayenta a ƙasashen waje suna nemanta saboda ƙarfin yajinta. Wanda ya miƙa garinta a leda mai kyau, ya ba da labarin yadda ake rufe gonarta da ganye bayan shuka, da yadda ake tsaga ta a shanya, da irin asarar da manoma suka yi lokacin da cuta ta cinye gonaki a 2023, ya ba da abin da kanti ba ya sayarwa. Fatar jar akuyar Sakkwato da majemanmu suke jemewa ta ƙetare Sahara tare da ayari shekaru aru-aru, har Turawa suka riƙa ɗaure littattafansu masu daraja da ita. Ƙaramin alabe ko jakar hannu daga wurin dukawan Kano ko na Naraguta a Jos ba su da nauyi, ba sa fashewa. Ƙwarya mai zane, ludayi, faifai mai launi, hular ƙube, ƙaramin kwando, duk abubuwa ne da za a rataye a bango ko a ɗora a tebur a riƙa tambaya a kansu. In a gidan akwai yara ƙanana, sabuwar takardar naira 20 ta isa ta buɗe hira ta dare guda: a bayanta akwai hoton Ladi Kwali, mai ginin tukwane 'yar Gbagyi, wadda ta je Ingila da Amurka tana nuna gwanintar hannunta kafin ta rasu a 1984. Maƙwabtanmu Gbagyi na Kujama da kewaye danginta ne, kuma har yau matanmu suna gina tukunya da hannu kamar yadda ta koya tun tana yarinya.

Kafin ka sayi komai, ka yi tambaya, domin matambayi ba ya ɓata. Yawanci akan aiko wa ɗalibi bayanin gidan da zai sauka kafin tafiya: sunayen mutanen gidan, shekarun yara, sana'ar iyaye, abin da suke sha'awa. Ka karanta shi a tsanake tare da mahaifiyarka, domin iyaye mata sun fi mu sanin abin da ya dace da kowa. Ka lissafa mutanen gidan ɗaya bayan ɗaya, kada a bar ƙaramin yaro yana kallon hannunka. Ka kiyayi ɗinka wa mutum riga alhali ba ka san girman jikinsa ba. Ka kuma sani cewa a can tela ba ya kowace kusurwa kamar nan, kuma kuɗin ɗinki yana da tsada ƙwarai. Turmin atamfa mai yadi 6, wanda a wurinmu kyauta ce ta girma, a can sai ya shekara a ninke cikin kabad, matar gidan tana jin nauyin rashin amfani da shi. Gara ka kai shi wurin telan garinku ya yanka, ya yi shimfiɗar teburin cin abinci, da rigunan matashin kai, da jakar zuwa kasuwa, da rigar da ake ɗaurawa a gaba lokacin girki. Turmi ɗaya sai ya wadaci gida guda, kuma kullum idonsu yana kansa.

Akwai abin da ya shafe mu mu 'yan Kasuwan Magani musamman, kuma dole in faɗe shi duk da nauyinsa. Ranar da aka gaya wa masu masaukinka sunan garinku, za su rubuta shi a intanet. Abin da zai fara fito musu shi ne rikicin ranar Alhamis, 18 ga Oktoba 2018, wanda 'yan sanda suka ce ya ci rayuka 55, da sauran labaran hare-hare a Kajuru. Za su tarbe ka da tausayi da tsoro a zuciya. Kada ka musa abin da ya faru, domin waɗanda muka binne 'yan'uwanmu ne. Kada kuma ka ƙara masa gishiri don a ji tausayinka, ko ka ɗora laifin duka a kan mutanen wani addini. Ka tafi da shaidar da jaridu ba su ɗauka ba. Ka wanke hotuna a takarda ka jera su a kundi: iyayenka da kakanninka, gonarku da kaka, ajinku da malamanku, kasuwar da Adara da Gbagyi da Hausawa da Fulani suke ciniki gefe da gefe, coci da masallaci, duwatsun Kajuru, ruwan Matsirga kusa da Kafanchan, taron Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu. Ƙarƙashin kowane hoto ka rubuta layi ɗaya na bayani. A shafin farko ka liƙa wasiƙa daga mahaifinka da mahaifiyarka, ko da da Hausa ko da yaren Adara suka faɗa kai ka fassara, suna gaisuwa, suna damƙa amanar ɗansu. Iyayen da suka karɓi ɗan wani sun san nauyin wannan takarda. Na ji daga ɗalibai da dama cewa a cikin duk abin da suka kai, ita aka fi adanawa.

Yanzu sai maganar doka, inda hawaye ya fi zuba. Abin da mahaifiya ta fi so ta cusa a akwatin ɗanta shi ne kilishi da dambun nama, kuma su ne farkon abin da za a ƙwace. Amurka ta hana matafiya shiga da nama daga ƙasashe irin tamu, busasshe ne ko soyayye, saboda tsoron cututtukan dabbobi irin su ciwon baki da kofato. Haka ɗanyun 'ya'yan itatuwa, da irin shuka, da duk abin da ƙasa ta manne a jikinsa. A filayen jiragensu akwai karnuka da aka horar don sansano abinci a cikin kaya. Dokar tasu kuwa mai sauƙin bi ce: in an tambaye ka ko kana ɗauke da abinci ko tsiro, ka ce e, ka nuna. In abin haramtacce ne za a karɓe a zubar, ka wuce ba tara. In ka ɓoye aka gano, tarar takan fara daga dala 300, kuma an rubuta sunanka ke nan a ranarka ta farko a ƙasar. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Ƙasashen Tarayyar Turai da Ingila su ma ba sa barin nama da kayan madara daga Najeriya a kayan matafiyi, saboda haka man shanu da cuku da alawar madara su zauna a gida. Zuma suna bari har kilo 2. Tun Disamba 2019 Tarayyar Turai take neman takardar shaidar lafiyar tsiro a kan ɗanyun kayan lambu da 'ya'yan itatuwa, in ban da 'yan kaɗan irin su dabino, ayaba, abarba da kwakwa. Mai zuwa Saudiyya ya san hukumar alhazai takan ja kunne a kan goro. Abin da ya fi samun wucewa lafiya a yawancin ƙasashe shi ne busasshen kayan yaji da ganyen shayi da aka rufe a masana'anta, da suna da lambar NAFDAC a jiki. Ƙullin leda marar rubutu, ko da garin kuka ne, yana jawo dogon bincike. Ƙwarya da kwando da tabarma kuma a tabbata sun bushe sarai, ba ƙwaro, ba ƙura, ba sauran iri a ciki. Dokokin nan suna canzawa, don haka ka nemi jerin na bana daga ofishin da ke shirya tafiyarka.

Wani abin doka ba ta hana shi ba, amma zai iya cutar da wanda ka ba. A Amurka da Turai akwai mutane da yawa, musamman yara, da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, cutar da likitoci ke kira alaji. Ɗan abin da ya taɓa harshe ya isa ya toshe wa yaro numfashi. Ƙuli-ƙuli gyaɗa ne, yajin tsire ma da ƙuli-ƙuli ake daka shi. Riɗi shi ma ya shiga jerin abinci 9 da dokar Amurka ta wajabta a bayyana a jikin kaya tun Janairu 2023, saboda haka kantun riɗi sai an tambaya. Ki bar tozali a gida, 'yata. Amurka ta hana shigar da shi, kuma a 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ba da rahoton wani jariri ɗan iyaye 'yan Najeriya a Boston da ya kamu da gubar dalma ta hanyar kwallin da ake sa masa, wanda aka auna aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ne. Mu da muka ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu, ba ma buƙatar dogon bayani. Saiwoyi da sassaƙe da garin magani, komai amincinsu a wurin kakarki, ba tsarabar baƙi ba ne. Turaren wuta kuma, in za a kai, kada a kunna sai da izini, domin gidajensu a rufe suke, suna da na'urar da ke kuwwa in ta ji hayaƙi, kuma akwai masu ciwon asma.

Sai kayan da za su iya kai mutum gaban alƙali. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Najeriya ta sa wa hannu, ta hana ko ta taƙaita fataucin hauren giwa, fatar mesa, ta kada, ta guza, da gashin aku. Jakar fatar mesa tana da kyau a ido, amma ba ta ƙetare kwastan ba tare da takardu ba. Ganga ko kalangu mai ɗanyar fatar da ba a jeme ba ita ma abar tuhuma ce, tun da a 2006 wani mai haɗa ganguna a New York ya kamu da cutar antiraks, wadda makiyaya ke kira ciwon saifa, daga fatun da ya shigo da su daga Kwaddibuwa. Wuƙa da takobi da kwari da baka a bar su. Mafi girma a wurinmu mu 'yan kudancin Kaduna shi ne gumakan yumɓu na Nok. An fara tono su a 1928 wajen haƙar kuza kusa da ƙauyen Nok a ƙasar Jaba, Bernard Fagg ya bayyana su ga duniya a shekarun 1940, kuma sun haura shekara 2,000. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana fitar da kayan tarihi ba da izini ba. In wani ya kawo maka gutsuren kai da aka tono a gona ya ce ka kai wa Bature, ka ƙi. Gadon jikokinka ne, ba naka ba ne balle ka kyautar. Ko sabuwar sassaƙa ce mai kama da tsohon kaya, ka bi ta gidan tarihi na titin Ali Akilu a Kaduna ka nemi takarda. Hoton gunkin da labarinsa sun wadatar, musamman ga mai zuwa Jamus, inda masanan Jami'ar Goethe ta Frankfurt suka daɗe suna bincike a kan Nok, har aka baje kolin kayan a birnin a 2013.

Da zarar an ji za ka tafi, masu saƙo za su yi ta sallama. Wannan yana da ɗa a Texas, wancan yana da ƙanwa a Landan. Yawancin jirage akwati mai kilo 23 suke ba ka, kuma rigunan sanyi da littattafai suna jiran wurinsu. Abin da ya fi nauyi haɗari shi ne ƙullin da ba ka ga cikinsa ba. Ba mu manta da ɗalibar nan ta Kano ba, wadda aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda ƙwayoyin da aka samu a jakar da aka liƙa wa sunanta ba da saninta ba, ta yi watanni a tsare kafin gaskiya ta fito a 2019. Kada ka karɓi abin da ba a buɗe a gabanka ba, ko daga hannun wa ya fito. In kana jin nauyin dattijon, ka bar wa mahaifinka ya ba shi haƙuri.

Ku yi hattara da kyautar addini. Kai da ka tashi a ECWA ko Katolika, kada ka ɗauka duk Bature mai zuwa coci ne. Kai da ka tashi a Islamiyya, kada ka sa Alƙur'ani ko carbi ya zama abin da za ka fara miƙawa ga mutanen da ba ka san zuciyarsu ba, ba ka kuma san yadda za su adana shi ba. Ka riƙe ibadarka a fili ba tare da kunya ba, ka gaya musu tun farko abin da ba ka ci da lokacin da kake salla ko azumi. In sun ga natsuwarka za su yi tambaya da kansu, a lokacin amsa takan shiga.

Yadda ake miƙa kyauta ma ilimi ne. Mu nan in an kawo mana tsaraba mukan yi godiya mu ajiye gefe, sai baƙo ya tafi mu duba, buɗewa a gabansa zalama ce. A Amurka da Jamus a gabanka za a yage takardar, a ɗaga abin sama, a yi ta tambaya. Kada ka ga rashin kunya a ciki, girmamawarsu ke nan, kuma kai ma haka suke so ka yi in sun ba ka. A Sin kuwa da hannu biyu ake miƙawa, mai karɓa yakan ɗan yi ja da baya kafin ya amsa, yawanci sai daga baya yake buɗewa, kuma ba a ba da agogon bango domin suna danganta shi da jana'iza. Ka nannaɗe kowane abu da tsabta, ka rubuta sunan mai shi. Ka bari sai ka huta an zauna cin abinci, sannan ka fito da su, ka faɗi wanda ya yi abin da amfaninsa a gidanku. Kada ka soma da cewa ba shi da kyau, kada ka faɗi kuɗinsa. Kada kuma ka zauna jiran tukwici. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, kuma a can yabon shi ne tukwicin gaba ɗaya.

Kada ka juye akwatinka duka a daren farko, kamar manomin da ya zuba takinsa kaf ranar shuka ya rasa na sawa lokacin da masara ta fara ɗaukar goyo. Shekarar tana da tsawo. Akwai bikin godiya da Amurkawa ke yi ranar Alhamis ta huɗu a Nuwamba, inda dangi ke taruwa. Akwai Kirsimeti, da ranakun haihuwa, waɗanda suke ɗauka da muhimmanci, da ranar iyaye mata a Lahadi ta biyu ta watan Mayu. Akwai malamin da zai tsaya maka a lissafi, da jami'in da ke kula da zamanka, da abokin da zai fara kiranka teburinsu a makaranta. Ka ware 'yan ƙananan abubuwa saboda su, ka ajiye mafi kyau ɗaya don ranar bankwana. Kafin ki tafi, 'yata, kai ma ɗana, ku tsaya kusa da murhu ku koyi girki biyu ko uku da kyau: dafa-duka, faten acca, ƙosai, zoɓo mai citta. Acca da zoɓo yanzu ana samunsu a wasu kantunan can. Ranar Sallah ko ranar 1 ga Oktoba ka ce yau kai za ka ciyar da gidan. Kwastan ba ya ƙwace abin da ke cikin kai da hannu.

Bayan wata guda, ƙwaryar ta zama kayan ado a bango, abin da ya rage shi ne halinka. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma wannan bai tsaya kan mai gida kaɗai ba, baƙo ma ana duba fuskarsa. A wurinmu yaro mai ladabi yakan sunkuyar da kai ya yi shiru gaban manya. A can sai su ɗauka fushi kake ko ba ka jin daɗin zama da su. Ka ɗaga kai, ka yi magana, ka furta godiya da baki a kan ƙaramin abu da babba, wani lokaci ka rubuta ta a 'yar takarda. Ka gyara gadonka, ka wanke kwano ba sai an sa ka ba, ko da a gidanku 'yan mata ne ke wankewa. Kada ka shige ɗaki da waya kana hira da 'yan gida dare da rana, ka bar waɗanda ke ciyar da kai suna kallon ƙofa. Kada kuma ka mai da tsarabarka jari, ka fara roƙon waya ko kwamfuta ko kuɗin makarantar ƙaninka. Na san gidan da ya daina karɓar ɗalibai daga ƙasarmu saboda roƙon yaro ɗaya, kuma waɗanda suka yi asarar su ne ƙannensa da bai sani ba.

In Allah ya dawo da kai, kada zumuncin ya mutu a filin jirgi. Ka riƙa gaishe su a ranakun bukukuwansu, ka sanar da su sakamakon jarrabawarka, da aurenka, da haihuwarka, domin sun zama iyaye. Ka zauna da ƙannenka masu shirin tafiya ka gaya musu abin da ya karɓu da abin da aka ƙwace. Sannan ka duba garinku: kowace shekara ana turo mana 'yan bautar ƙasa daga Inugu da Ibadan da Kalaba, yaran mutane da ba su san kowa ba, da yawansu sun zo da tsoron sunan garin. Kai da ka ɗanɗani baƙunci, kai ya kamata ka fara kai musu ruwa, ka nuna musu kasuwa, ka kira su cin tuwo a gidanku. A nan ne alherin da aka yi maka a ƙasar wasu zai sami inda zai sauka.

Allah ya kai ku lafiya, ya haɗa ku da mutanen kirki, ya sa ku zama abin alfaharin iyayenku, ya dawo mana da ku da ilimi mai amfani.